Salsalar Kalmar "Tiriyaj" a Fagen Likitanci

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin kalmar "tiriyaj", watau tantance majiyyata a ɗakin gaggawa don sanin wanda za a fara dubawa. Mutane da dama suna zaton ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin uku, saboda an saba kasa masu rauni kashi uku. Wannan zato ba shi da tushe. Kalmar ta Faransanci ce, daga aikatau "trier" mai nufin tsincewa, kamar yadda ake tsince tsakuwa daga cikin shinkafa.

A ƙarni na 18 'yan kasuwa ne suke amfani da ita wajen rarraba ulu, daga bisani kuma 'ya'yan kofi. Mai kyau akan ware shi gefe guda, fasasshe kuwa a sayar da shi da araha. Ma'auninta a wancan zamani daraja ce.

Wanda ya sauya wannan ma'auni shi ne Dominique-Jean Larrey (1766-1842), babban likitan tiyata a rundunar Napoleon. Shi ya ƙirƙiro kekunan doki masu sauri don kwaso masu rauni daga fagen fama, ya kuma kafa ƙa'idar a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ko hafsa ne ko ƙaramin soja. Amma aikin ya riga sunan, domin kalmar ba ta zauna sosai a bakin likitoci ba sai a Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914-1918), inda sojojin Ingila da na Amurka suka are ta daga Faransawa.

Sai dai idan masu rauni suka fi ƙarfin likitoci, ƙa'idar Larrey kaɗai ba ta wadatarwa. A 1846 John Wilson, likitan sojan ruwan Ingila, ya ba da shawarar a fifita waɗanda magani zai cece su. Tsarin START da aka fito da shi a Kaliforniya a 1983 ya bi wannan hanya: ja ga mai bukatar agaji nan take, rawaya ga mai iya jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda aka fid da rai da shi.

Daga bayanan nan muna iya cewa kalmar ta bar kasuwa, amma hatsarin ma'anarta ta farko yana nan. Duk asibitin da ya duba muƙami ko aljihu kafin numfashi da bugun jini, to, ya mai da ita zaɓen ulu.