Madubin saitin bindiga

Madubin saitin bindiga na'ura ce mai siffar bututu, da gilasai a ciki, wadda ake ɗaurawa a saman doguwar bindiga domin ta jawo abin hari kusa da idon maharbi. A cikinsa akwai siraran layuka biyu da suka gitta juna, kuma mahaɗarsu ita ce wurin saiti. Mafarauta da sojoji da masu gasar harbi ne suka fi amfani da shi.

William Malcolm ya fara ƙera irinsa don sayarwa a garin Syracuse na jihar New York a shekarar 1855, aka kuma yi amfani da shi a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

Lambobin jikinsa suna bayyana ƙarfinsa. Idan an rubuta 3-9×40, yana ƙara girman abu ninki 3 zuwa 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40 ne. Maɓallin sama yana gyara saiti sama da ƙasa, na gefe kuma hagu da dama. Ana barin tazara tsakanin ido da gilashin baya, saboda bindiga tana tokaro baya idan ta tashi.

Zobba biyu ne kan riƙe bututun, wanda kaurinsa yakan zama inci 1 ko milimita 30, su kuma su damƙe doguwar mazauna mai tsaga-tsaga da ke jikin bindigar. Fitacciyar mazaunar ita ce Picatinny, wadda rundunar sojin Amurka ta amince da ma'auninta a 1995. Zobban da ba su ɗauru sosai ba sukan goce da saiti, komai ingancin madubin.