Taurari Biyar Ɗin Nan Na Waye? Tarihin Sharhin Kaya Da Shaidar Mai Sayarwa A Kasuwar Intanet

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya mu leƙa tarihi, amma tarihin da ya shafi aljihunka kai tsaye. Idan ka taɓa yin odar caja, batir ko pawa bank ta intanet, na san abin da ka fara kallo taurari ne. Ka ga huɗu da rabi, ka ga mutum dubu sun yi magana, shi ke nan ka danna saye. To tambayar ita ce, waɗannan taurarin wa aka ba wa, kayan ko mutumin da zai turo maka kayan? Abu biyu ne daban, asalinsu ma daga kamfani biyu daban suka fito, kuma haɗuwarsu a shafi ɗaya ita ce ta jawo ruɗanin da har yau yake cinye kuɗin mutane.

Bari mu fara da kasuwar da ka sani. Idan ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano za ka sayi caja, tambaya biyu kake yi ko da ba ka lura ba. Ta farko, wannan samfurin yana da ƙarko? Ta biyu, shagon wa zan je wanda ba zai ba ni jabu ba? Amsar ta farko mai gyara ne zai ba ka, ko wanda ya yi wata shida yana amfani da ita. Amsar ta biyu kuwa sai wanda ya saba ciniki a layin. A intanet, ta farko ita ce sharhin kaya, wato abin da ake kira rebiyu, ta biyu kuma shaidar mai sayarwa, wato fidbak.

Sharhin kaya a Amazon ya yi suna. Jeff Bezos ya buɗe shafin ga jama'a a watan Yuli na 1995 a Amurka, kuma littattafai kaɗai yake sayarwa. Tun a farkon nan aka ba masu saye damar rubuta ra'ayinsu a kan littafi, ko yabo ko kushe. Wasu masu buga littattafai ba su ji daɗi ba, a ganinsu ina ɗan kasuwa ina barin a kushe hajarsa a cikin shagonsa? Bezos ya tsaya a kan cewa ribarsa tana wajen taimakon mai saye ya yi zaɓi mai kyau. Ka lura da abu ɗaya a nan: a lokacin Amazon da kansa ne mai sayarwa. Babu tambayar wa zai turo, don haka duk tauraron da ka gani na littafin ne.

Shaidar mai sayarwa kuma daga eBay ta yaɗu. A watan Satumba na 1995 wani mai rubuta manhajar kwamfuta, Pierre Omidyar, ya buɗe shafin gwanjo mai suna AuctionWeb, wanda ya koma eBay a 1997. Nan kamfani ba ya sayar da komai, mutane ne suke sayar wa junansu. Ɗaya daga cikin kayan farko da aka sayar ma wani ɗan abin haska jan ɗigo ne da ya lalace, a kan dala 14 da santi 83. Ka ga a irin wannan kasuwa sharhin kaya ba shi da wani amfani sosai, don yawanci kayan hannu ne, guda ɗaya tak, idan an saya ya tafi. Abin tsoron shi ne mutumin. Za ka sa cek ko takardar kuɗi a gidan waya ka aika wa wanda ba ka taɓa gani ba, sannan ka zauna jira. Cinikin biri a sama ke nan na gaske.

Ƙorafe-ƙorafe suka yi wa Omidyar yawa, shi kaɗai ba zai iya raba kowace rigima ba. Sai a watan Fabrairu na 1996 ya ƙirƙiro tsarin da mai saye da mai sayarwa za su riƙa ba wa juna shaida a fili: mai kyau, tsaka-tsaki, ko marar kyau, a tara maki kusa da sunan mutum. Wannan makin hali yake aunawa. Ya turo kayan? Ya turo a kan lokaci? Abin da ya faɗa shi ya zo? Da farko kowa yana iya rubuta wa kowa, daga baya aka ɗaure shi da ciniki, sai wanda kuka yi hulɗa da shi.

To da kowa ya tsaya a layinsa da babu matsala. Amma Amazon ya ga yadda eBay ke bunƙasa, ya gwada nasa gwanjon a 1999, ya gwada wani sashe na ƙananan shaguna mai suna zShops, duka ba su yi armashi ba, saboda an ajiye su a gefe inda masu saye ba sa zuwa. A watan Nuwamba na 2000 sai ya kawo Marketplace, inda ya shigo da 'yan kasuwar waje cikin ainihin shafin kayan. Ma'ana, kaya ɗaya shafi ɗaya, amma masu sayarwa za su iya kai goma ko ashirin a ƙarƙashinsa. Dabarar ta yi aiki sosai. A wasiƙar da Bezos ya rubuta wa masu hannun jari a 2019, ya ce kason 'yan kasuwar waje a cinikin kaya ya tashi daga kashi 3 cikin ɗari a 1999 zuwa kashi 58 a 2018.

Nan ruɗanin ya samo asali. Taurarin da ke saman shafi na kayan ne, duk masu sayarwa suna cin albarkacinsu tare. Sunan wanda zai turo maka kuwa an rubuta shi da ƙananan haruffa kusa da maɓallin saye, kuma yana iya canjawa, don na'ura ce take zaɓar wanda za ta sa a gaba bisa farashi, saurin kai kaya da makinsa. Wanda ya rubuta yabo bara wataƙila wajen wani ya saya, kai kuma yau wani daban zai turo maka. A 2006 aka ƙara wani mataki, inda ɗan kasuwa zai kai kayansa ma'ajiyar Amazon, kamfanin ya riƙa naɗewa da aikawa. Yanzu hannu uku ke nan a ciniki ɗaya: wanda ya ƙera, wanda ya sayar, da wanda ya kawo.

Ga misalin da ya shafi sana'armu. A watan Oktoba na 2016 kamfanin Apple ya kai wani kamfani mai suna Mobile Star ƙara a kotun Amurka kan jabun caja. A takardar ƙarar Apple ya ce ya sayi kaya sama da 100 da aka tallata a Amazon a matsayin nasa na asali, irin su caja da kebul, ya tarar kusan kashi 90 cikin ɗari jabu ne. Yi tunanin wanda ya sayi irin wannan. Caja ta yi zafi, ko ta lalata masa wajen caji, sai ya koma shafin kayan ya ba da tauraro ɗaya. Sunan cajar asali ya ɓaci, shi kuma wanda ya turo jabun makinsa yana nan lafiya lau, gobe ya sayar wa wani. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Haka ma ta ɗaya ɓangaren. Mutum ya sayi iyafis, mai shago ya turo daidai abin da aka nuna, a kan lokaci, amma sautin bai yi masa ba. Sai ya je wajen shaidar mai sayarwa ya zuba tauraro ɗaya. A Amazon wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ana son cinikin da aka samu matsala a ciki ya zama ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, kuma mummunar shaida tana cikin lissafin. Idan ya wuce haka ana iya dakatar da shagon mutum. Shi ya sa dokarsu ta ce idan shaidar gaba ɗayanta sharhin kaya ce, mai shago zai iya neman a cire ta. Ka ga kai mai rubutu ka yi asarar lokacinka, gargaɗin da kake son yi wa jama'a bai isa inda ake nemansa ba.

Su ma eBay sun sha gyara. Da yake kowa yana iya rama wa kowa, masu saye suka riƙa tsoron faɗin gaskiya kada a ɓata musu nasu makin. A 2007 aka kawo taurari kashi huɗu: daidaiton kaya da bayaninsa, yadda mai shago yake amsa magana, saurin aikawa, da kuɗin aikawa. A 2008 kuma aka hana masu sayarwa ba wa masu saye mummunar shaida. A China, Taobao da kamfanin Alibaba ya buɗe a 2003 ya yi nasa salon, inda makin shago yake hawa daga alamar zuciya zuwa lu'ulu'u zuwa kambi. AliExpress da yawancinmu muka sani ya zo a 2010, kuma a can kowane shago da nasa shafin kayan, don haka sharhin da ka gani a ƙasa ya haɗa kayan da shagon a wuri ɗaya. Jumia da Konga da suka fara a Legas a 2012 sun tarar da waɗannan tsare-tsare a ƙasa. A Jumia za ka ga taurarin kaya, sannan a wani ɓangare ka ga sunan shago da makinsa.

Da taurari suka zama kuɗi, sai maguɗi ya shigo. A 2015 Amazon ya fara kai masu sayar da sharhin ƙarya kotu. A Oktoba 2016 ya hana a ba mutum kaya kyauta don ya rubuta sharhi, sai ta shirinsa na Vine. A 2021 ya kori samfura kusan 600 na kamfanonin China saboda sayen yabo, ciki har da sunayen da masu harkar waya suka sani kamar Aukey, Mpow da RavPower. Akwai kuma satar sharhi, inda ake liƙa sabon kaya a jikin shafin tsohon kaya mai farin jini don ya gaji taurarinsa. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Bountiful mai yin magungunan ƙarin lafiya ya biya dala 600,000 kan irin wannan, sannan a 2024 ta fitar da dokar haramta sayen sharhin ƙarya da sayar da shi.

To yanzu me za ka yi da wannan tarihin? Kafin ka danna saye, yi tambayoyin nan biyu na kasuwa, kowace a wajenta. Don sanin kayan, karanta sharhin masu tauraro biyu da uku, ka duba hotunan da masu saye suka ɗora, ka tabbata kayan da suke magana a kai shi ne a hoton. Idan kana duba batir ka ga ana yabon rigar waya, ka gudu. Don sanin mutumin, nemi sunan shago ka danna shi, ka ga makinsa, tun yaushe yake sayarwa, da abin da aka faɗa a kansa a 'yan watannin nan. Idan kaya ne irin caja, batir ko katin memori da jabunsu ya yi yawa, shagon kamfanin da kansa ya fi, ko da kuɗin ya ɗan ɗara.

Idan kuma kai ne za ka rubuta, tsaya ka tambayi kanka laifin wa ne. Batir yana saurin mutuwa, sauti babu daɗi, kebul ya tsinke a sati biyu, wannan sharhin kaya ne. An turo wani launi daban, an makara, kwali ya zo a buɗe, an ƙi amsa saƙonka, wannan na mai shago ne. Idan jabu aka turo maka, rubuta a wajen mai shago, ka kai ƙara wajen kamfanin da hotuna, ka nemi a mayar maka da kuɗinka kafin wa'adin mayarwa ya wuce. Shaida ce kake bayarwa, wani zai kashe kuɗinsa a kan maganarka, wani kuma abincin iyalinsa yana jikin makin nan.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana yawan yin oda. Allah ya tsare mu da asara, ya sa mu dace da masu gaskiya.