Bindigar Kaka da Tarihin Ƙarfenta

Da yawa daga cikinmu da muka yi kaka-gida a nan Idu, in an je gidajenmu na asali, a Zariya ne ko Kano ko Katsina, za a tarar da wata tsohuwar bindigar toka rataye a zaure, ana cewa ta kaka ce. Wasunmu ma sun taho da ita. To, yau a kan ƙarfenta za mu ɗan yi tsokaci, domin abin da ya faru kwanan baya a wajen wani biki, inda wani yaronmu ya ɗura irinta ya harba, bututun ya tsage, ya tafi da yatsunsa biyu. Allah Ya ba shi lafiya.

Asalin wannan bindiga daga bakin teku ta zo. Turawan Danmak sun kafa sansaninsu na ciniki a Osu, cikin Akara ta yau, wajen shekarar 1661, suna sayar da bindiga mai ƙanƙara, shi ya sa har yau 'yan boko ke kiranta da sunan ƙasarsu. Sun sayar wa Ingila wurarensu a 1850, amma sunan ya zauna. Fatake kuwa, irinmu ke nan, su suka yi ta shigo da ita Arewa tare da goro da sauran haja. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal ta ƙasar Beljiyam, suka hana sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, suka bar mana mai ƙanƙara da albarushi. Da irinta da kibau kakanninmu suka fuskanci bindiga mai ruwa a Kano da Burmi a 1903.

Da ta Turai ta yi wuya, sai maƙeranmu suka shiga ƙerawa da kansu. Wani ya samu sandar sitiyarin tsohuwar mota, wani kuma bututun famfo. A nan fa gizo ke saƙa. Bututun famfo ɗinki gare shi a tsaye, don ruwa aka yi shi, ba don wuta ba. Ga shi kuma albarushi, da yake akwai farar wuta a ciki, in ya ƙone yana barin dauɗa mai jan danshi. In ba a wanke da ruwan zafi an busar an shafa mai ba, tsatsa sai ta yi ta cin ƙarfen daga ciki, waje kuwa yana ƙyalli. Ga damina a nan ƙasar Gwari ta fi ta Kano tsawo da laima.

Su ma Turawa wannan damuwa ta dame su. A 1913 wani masanin ƙarfe a birnin Shafil na Ingila, mai suna Harry Brearley, yana binciken abin da zai hana cikin bututun bindiga zaizayewa. Ya haɗa ƙarfe da wani ma'adini da ake kira kuromiyam, kusan kashi 13 cikin 100, sai ya ga abin ba ya tsatsa. Ikon Allah, maimakon bindiga, wuƙa da cokali aka fara yi da shi. Shi ne danginsu kwanon silba da wasunmu ke sayarwa a kasuwa. Daga baya ne masu ƙera bindigar farauta suka karɓe shi sosai.

Amma ko wannan ɗin ba ya dawwama. Tsatsa ce kawai ya fi ƙarfi. Duk harbi ɗaya, zafin wuta na ƙona bakin bututun ta inda harsashi ke tashi, a hankali zanen ciki ya shafe, saiti ya lalace. To in ƙarfen Shafil na cinyewa, ina ga bututun famfo da ya shekara 60 a zaure?

Sannan mu tuna akwai doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta ce ko ta toka ce sai da lasisi daga 'yan sanda. Dajin da maharba ke shiga a da, tun daga 1976 ya zama Babban Birnin Tarayya; yau Idu masana'antu ne, ga tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016. Ina gada, ina barewa?

Shawararmu ga 'yan ƙungiya: bindigar kaka a girmama ta, a shafa mata mai, a nuna wa jikoki, a ba su labarinta. Amma kar a bar yaro ya ɗura ta don burgewa a wajen biki ko sallah. Hannu ba ya tsirowa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana zuri'a, amin.