Daga Ƙoƙi zuwa Madam Salma: jera sunayen mata na tatsuniya da na iskoki a ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Manufarmu a nan ita ce mu duba yadda aka saba jera sunayen mata na duniyar tatsuniya da ta iskoki, da abin da wannan jeri yake ɓoyewa. Mun ɗauki misalinmu daga ƙasar Kurfai, wadda Filinge ce cibiyarta.

2. Abin da muka gada

Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littafi uku, a 1914 kuma Tremearne ya jera iskokin bori. Wanda ya bi tatsuniyoyin zai lura cewa sau da yawa ta wani ake sanin mace: Ƙoƙi matar Gizo ce, ƴar mowa da ƴar bora kuwa matsayin uwayensu wurin miji shi ne sunansu. Katin bincike da ya tsaya ga "matar wane" ya maimaita tatsuniyar kawai, bai faɗi aikin da macen ta yi ba.

3. Shibo da iskokin Hauka

Wajen 1925, a Shikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki masu kamannin sojoji da gwamnonin Nasara suka hau wata mace mai suna Shibo. Su ake kira Hauka ko Babule. Mabiyanta suka bijire wa sarautar da Faransawa suka ɗaure wa gindi, kumandan Croccichia ya kulle su a Yamai, daga baya wasunsu suka yi ƙaura zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau. A can, a birnin Akara, Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les maîtres fous a 1954.

Cikin iskokin fim ɗin akwai mata biyu: Madam Lokotoro, matar likita, da Madam Salma, matar laftanan Salaman. Su ma da mazansu aka san su. Amma mai bori doki ne ko goɗiya, kuma iska mace tana iya hawan doki: a fim ɗin namiji Madam Lokotoro ta hau. Idan ƴan kallo suka ce "ta zo", lamirin yana bin iskar, jikin kuwa na namiji ne. Katin da ke da gurbin jinsi guda ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan.

4. Shawara

Saboda haka muna ganin kowane kati ya kamata ya raba abu huɗu: sunan macen, aikinta cikin labarin, jinsin wanda ta hau ko wanda ya ba da labarin, da garin da aka ji shi. Idan ɗalibanmu suka ci gaba da tsohon tsari, Madam Salma za ta samu kati, Shibo da iskokin suka fara bayyana ta bakinta ba za ta samu ba.