Tsirkiya Ɗaya: Ɗan Maraya Jos da Asalin Mawaƙi Mai Cin Gashin Kansa

A tsohon tsarin kiɗan Hausa, mawaƙi ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana da ubangida a samansa, ga makaɗa da 'yan amshi a bayansa. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Musa Ɗanƙwairo ya fito daga fadar Maradun, Aliyu Ɗandawo kuwa ya yi wa sarakunan Argungu da na Yawuri waƙa. Fada ke ba da doki da riga da hatsi, makaɗi ya raba wa yaransa. Kowane ɗan amshi baki ne da za a ciyar, kowane kotso ko taushi yana buƙatar hannun da zai kaɗa shi. Don haka girman ƙungiya shi ke zaɓar wanda za a yi wa waƙa: sai mai iya ɗaukar nauyin jama'a.

Cikin wannan tsari aka haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗin sarkin garin ne. Ya rasa uwa da uba tun yana jariri, sarkin ya riƙe shi, daga nan ya samo laƙabin Ɗan Maraya. Bukuru ta wancan zamani gari ne na haƙar kuza, cike da leburori da 'yan kasuwa da direbobi daga ko'ina, waɗanda yawancinsu ba su da sarautar da za a wasa ko asalin da za a jero. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, ya dawo gida ya rungumi kayan.

Kuntigi ba wani babban abu ba ne: gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da ɗan sanda, da tsirkiya ɗaya. Amma ƙanƙantarsa ce ta sauya lissafi. Mai kuntigi ba shi da 'yan amshin da zai ciyar, ba ya buƙatar motar ɗaukar ganguna. Abin da zai samu a tasha ko bakin kasuwa ya ishe shi kwana. Da nauyi ya ragu, sai ƙofar zaɓi ta buɗe, ya iya yi wa mutumin da ba shi da doki ko riga waƙa.

Wannan ne ya sa "Waƙar Karen Mota" ta zama muhimmiya a tarihin waƙar Hausa. Karen mota yaro ne mai loda kaya, mai sa waigi a ƙarƙashin taya, mai kwana a kan buhuna. Har yau ana ganin irinsa a bayan manyan motocin da ke bin hanyar Bagudo zuwa Tsamiya su tsallaka Segbana a Jamhuriyar Benin. Irin yabon da aka saba keɓe wa masu rawani, Ɗan Maraya ya ɗauko shi ya ba wannan yaro. Daga nan ya shiga cikin gidajen talakawa da waƙoƙi irin su "Jawabin Aure" da "Auren Dole" da "Gulma Wuya". Tun da ba shi da mai karɓa masa, sai ya riƙa sauya murya, ya zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaci, duk cikin waƙa ɗaya. Rashin 'yan amshi ya zame masa salo.

Zamani ma ya taimake shi. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ya kai muryarsa garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Da kaset ya yaɗu daga shekarun 1970, direbobi da fatake suka zama masu rarraba masa waƙa, ba tare da kula da iyakar ƙasa ba. Sai dai kaset abu ne mai sauƙin kwafa. Suna ya yi nisa, amma kuɗin kwafi na dubu ba ya komawa aljihun wanda ya yi waƙar.

A nan iyakar 'yancin ta bayyana. Ɗan Maraya bai rabu da manya ɗungurungum ba: ya yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya kuma yabi shugabanni da attajirai. Bambancinsa da makaɗan fada shi ne babu mutum ɗaya da ya mallaki bakinsa. Har ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, ana kiransa da sunan gari, ba da sunan wani sarki ba.

Irin wannan labari ya faru a tsibiran Hawai na Amurka. Ƙaramar garayar da ake kira ukulele ta samo asali daga kayan kiɗan da baƙin Fotugal suka kawo daga Madeira a 1879. Sarki Kalākaua ya ɗaukaka ta a fadarsa, amma arha da sauƙin ɗauka suka mayar da ita abokiyar matashin da ke tsara waƙarsa ya rera da kansa. Da ita kaɗai da muryarsa Israel Kamakawiwoʻole ya naɗi waƙar da ta zagaye duniya bayan fitowar faifansa na 1993.

A yau wayar hannu ce kuntigin matashin mawaƙi. Yaro a Illo ko Kaoje na iya naɗar waƙa a ɗakinsa, ya ɗora a YouTube ko TikTok, ba tare da sallama a ƙofar kowa ba. Amma ubangida bai ɓace ba, tufafi ya sauya: wani lokaci ɗan siyasa ne a kakar zaɓe, wani lokaci mai situdiyo, wani lokaci kamfanin da ke zaɓar abin da jama'a za su gani. Dokar haƙƙin mallaka da Najeriya ta sabunta a 2023 ta ba mawaƙi makamin da tsarar Ɗan Maraya ba ta mora ba, amma sai wanda ya san ta, ya kuma karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, zai amfana. Kuntigi ya warware matsalar wanda za a yi wa waƙa. Matsalar wanda zai mallaki waƙar bayan ta fita daga baki, ita ce gadon da ya rage wa 'yan baya.