Makamin Kakkaɓo Jirgi na Kafaɗa: Tarihin Ƙirarsa da Tambayar da Ta Shafi Arewacin Kaduna

Ranar 18 ga Yuli, 2021, jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet na rundunar sojin saman Najeriya ya faɗi a yankin iyakar Zamfara da Kaduna, bayan 'yan bindiga sun yi masa ruwan wuta yana dawowa daga farmaki. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya dira da lema ya tsira. Mutane da yawa sun ɗauka cewa 'yan fashin daji sun mallaki makami mai linzami ke nan. Amma abin da aka saba gani a hannunsu shi ne manyan bindigogi masu harsashin milimita 12.7, irin waɗanda ake girkewa a bayan mota. A watan Oktoban shekarar jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa an biya 'yan bindiga kuɗi don a karɓo irin wannan bindiga da suka ƙwace a jihar Katsina, rundunar sojin sama kuwa ta musanta. Ko ma wace magana ce gaskiya, abin da ake jayayya a kansa bindiga ce.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Harsashi in ya bar bakin bindiga ba ya sake hanya, sai dai maharbi ya dace. Makami mai linzami kuwa bin jirgin yake yi, yana gyara tafiyarsa har ya cim masa. Irin da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa bai wuce kilo 15 zuwa 18 ba, tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi, yana kuma iya kai wa jirgin da bai haura kilomita uku zuwa huɗu a sama ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, akasarin gyaran da injiniyoyi suka yi wa makamin nan cikin shekaru sittin ya tafi ne wajen rage abin da ake buƙata daga mai harbi, kuma wannan sauƙin shi ya mayar da tsaron rumbun ajiyarsa babban al'amari fiye da ƙera shi. Ƙasa irin Najeriya, wadda ba ta da abokin gaba mai jiragen yaƙi, ta nan ya kamata ta dubi lamarin.

Jamusawa sun gwada wani bututu mai harba ƙananan rokoki da yawa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Fliegerfaust, amma ba shi da linzami, bai kuma tsinana komai ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne jirgin jet. Gudunsa ya fi ƙarfin idon mai bindiga, sojan ƙasa ya zama ba shi da abin kare kansa in manyan makaman bayan fage ba su kusa. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Convair na Amurka ya fara aikin Redeye, Tarayyar Sobiyat kuma ta ɗora wa ofishin ƙira na garin Kolomna aikin Strela-2, wanda ƙasashen NATO ke kira SA-7. Dukansu sun shiga hannun sojoji a ƙarshen shekarun 1960, Strela-2 a 1968.

Dabarar su biyun ɗaya ce. A hancin makamin akwai wani ido da ke ganin zafi, ba haske ba, yana neman abin da ya fi komai zafi a gabansa, wato bakin injin jirgi. Wannan ido na farko dakushe yake. Ba ya ganin jirgi sosai sai ya wuce ya ba da baya, ke nan sojan da ke riƙe da shi yakan rama ne bayan an riga an jefa masa bam. Rana tana ruɗa shi, ƙasa mai zafi tana ruɗa shi, tartsatsin wutar da matuƙi ke watsowa ma yana janye shi. Duk da haka Masar ta yi amfani da Strela-2 a bakin mashigin Suwez tun 1969, a 1972 kuma ya bayyana a Biyetnam, ya tilasta wa jirage masu saukar ungulu da na kai farmaki su sauya yadda suke tashi.

Daga nan tarihin ya zama tsere tsakanin ido da mai ruɗa ido. An gano cewa in aka sanyaya idon da iskar gas dab da harbi, yakan ga ɗumin da bai kai na bakin injin ba, har ya iya tunkarar jirgi gaba da gaba. Strela-3 na 1974 da Stinger na Amurka na 1981 a kan wannan aka gina su. Da masu jirage suka inganta tartsatsinsu, sai aka ƙera ido mai duba launi biyu, ya gwada abin da ya gani ta nan da ta can, ya bambance jirgi da abin yaudara. Igla na 1983 da Stinger na baya-baya suna cikin wannan zubin.

Akwai wata hanya da Birtaniya da Suwidin suka bi, kuma a ganina ita ce ta fi koyar da darasi. Kamfanin Shorts na Belfast ya ƙera Blowpipe, wanda ya fara aiki a 1975. Shi ba ido gare shi ba. Mai harbi ne ke tuƙa shi da ɗan maɓalli a ƙarƙashin babban yatsa, yana kallon makamin da jirgin a lokaci guda. Tartsatsi ba ya ruɗa shi, amma yana son hannun da ya sha horo, kuma a yaƙin tsibiran Falkland na 1982, inda ɓangarorin biyu suka riƙe shi, abin da ya kakkaɓo bai taka kara ya karya ba. RBS 70 na kamfanin Bofors, na 1977, hasken leza yake bi, yana buƙatar kujerar girkawa da ƙwararren maharbi. Sojoji sun ga wannan wahala a matsayin aibi. Amma tarihi ya nuna cewa makaman da suka addabi jiragen farar hula kusan dukansu masu bin zafi ne, waɗanda da an harba an gama. Wahalar koyo ita kanta katanga ce, kuma kasuwa ta fi karkata ga ƙirar da ta rushe katangar.

Afirka ta ɗanɗana sakamakon tun da wuri. A Satumban 1978 da Fabrairun 1979 mayaƙan ZIPRA sun harbo jiragen fasinja biyu na Air Rhodesia da Strela-2, na biyun ya hallaka duk mutum 59 da ke ciki. A Disamban 1988 mayaƙan Polisario sun harbo jirgin DC-7 a Yammacin Sahara, jirgin da aikinsa feshin fāra ne. Wannan ya kamata ya tsaya wa duk manomin Sahel a rai, domin idon makamin zafi kawai yake gani, bai san jirgin bam da jirgin ceton amfanin gona ba. Ranar 6 ga Afrilu, 1994, aka harbo jirgin da ke ɗauke da shugabannin Ruwanda da Burundi, Juvénal Habyarimana da Cyprien Ntaryamira, yana shirin sauka a Kigali. Har yau ana gardama kan wanda ya harba, ba a gardama kan kisan ƙare dangin da ya biyo baya. A Nuwamban 2002 an harba Strela biyu kan jirgin fasinjan Isra'ila a Mombasa, suka kuskure. A Maris 2007 aka kakkaɓo jirgin kaya ƙirar Il-76 a Mogadishu, mutum 11 suka mutu.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan makamai da aka ƙera a daji. Dukansu daga masana'antar gwamnati suka fito, wata gwamnati ta saya ko ta bayar kyauta. Amurka da kanta ta miƙa wa mujahidan Afganistan Stinger a 1986, suka fara harbo jiragen Sobiyat da shi kusa da Jalalabad a Satumban shekarar, sannan ta shafe shekarun 1990 tana bin su da kuɗi tana neman sayen abin da ya rage.

Mafi kusa da mu ita ce Libiya. Jami'an Amurka sun ƙiyasta cewa gwamnatin Gaddafi ta tara irin waɗannan makamai da yawansu zai kai 20,000, akasarinsu tsofaffin Strela-2. Da rumbunan suka fashe a 2011, abin da aka ce an gano ko an killace zuwa ƙarshen shekarar kimanin 5,000 ne. Tun a Maris na shekarar shugaban Chadi Idriss Déby ya yi gargaɗin cewa ƙungiyar al-Ƙa'ida ta yankin Magrib ta kwashi nata rabon. Ranar 31 ga Oktoba, 2011, a watan da Najeriya ke shugabantar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 2017 kan bazuwar makaman Libiya, ya ambaci na kafaɗa musamman. A 2013 an tsinci takardun koyar da harba SA-7 a gidan da mayaƙa suka bari a Tambutu. A Oktoban 2014 sojojin Faransa sun tare ayarin motoci a arewacin Nijar, daga Libiya za shi Mali, cikin kayansa har da SA-7. Hanyar Agadas ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, kuma duk wanda ya san yadda ƙananan bindigogi suka gangaro zuwa dazuzzukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari ya san ba wani shinge da aka keɓe wa wannan makami.

To me ya sa bala'in da aka yi hasashe bai auku a Sahel ba? Amsar da na fi gamsuwa da ita tana cikin ƙirar makamin. Abu ne mai laushin rai. Batirinsa na amfani sau ɗaya ne, yana kuma mutuwa da shekaru, man rokarsa yana lalacewa, idonsa ba ya jure ƙura da jijjiga da zafin hamada. Strela da aka ƙera a shekarun 1970 aka yi ta yawo da shi a bayan mota kamar maganin feshi ne da ya shekara goma a shagon kasuwar ƙauye: kwalbar tana nan, ƙarfin ya tafi. Tsufan kaya ne ya yi mana aikin da ya kamata hukuma ta yi. Kuma ba kowane lokaci yake yi ba, domin a Janairun 2014 mayaƙa a Sina'i sun harbo jirgi mai saukar ungulu na sojin Masar da makamin kafaɗa. Sababbin ƙira na Rasha da Sin da wasu ƙasashe suna ta shiga rumbunan gwamnatoci, kuma rumbun gwamnatin da ke tangal-tangal shi ne abin tsoro.

A arewacin Kaduna, mutumin Furana, da manomin rake na Makarfi, da mai tumatir na Ikara da Hunkuyi, za su iya tambayar ina ruwansu. Jirgin fasinjan da ke ratsa samansu tsakanin Kano da Abuja ya yi nisan da makamin kafaɗa ba ya kai masa. Amma yankin zaune yake tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Kaduna, inda alhazansa ke tashi, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, a maƙwabtansa. Jiragen da ke tafiya ƙasa-ƙasa su ne na talaka: na feshin tsuntsayen jan-baki, na kai agaji, na kwashe sojan da ya ji rauni. Ba sai an harbo ko ɗaya ba. Jita-jita mai ƙarfi kaɗai ta isa ta sa kamfanonin inshora su ɗaga farashi, kamfanonin jirage su janye. Mun ga yadda harin da aka kai harabar filin jirgin Kaduna a Maris 2022, da bindigogi kawai, ya sa aka dakatar da zirga-zirga na wani lokaci.

Akwai masu cewa tun da an sabunta dokar kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kaduna a 2023, ya dace Najeriya ta nemi ƙera nata ko ta sayi sababbi da yawa, suna kafa hujja da yadda Yukiren ta kare kanta da Stinger da Igla a 2022. Hujjar tana da nauyi ga ƙasar da maƙwabcinta ke da rundunar jiragen yaƙi kuma yake nufinta da sharri. Mu waɗanda muke yaƙa ba su da jirage. Abin da ISWAP ke tayarwa ƙananan jirage marasa matuƙi ne na kasuwa, masu aiki da batir, waɗanda ɗuminsu kaɗan ne, kuɗinsu kuma bai kai ko kusa da na makami mai linzami ɗaya ba. A yaƙin da muke ciki, gwamnati ce kaɗai ke da sama. Duk makamin kafaɗar da ya shigo ƙasar nan, in ya ɓata, kan jirgin gwamnati ko na farar hula zai ƙare.

Shi ya sa nake ganin aikin da ke gabanmu na magatakarda ne fiye da na injiniya. Rundunar sojin ƙasa ta taɓa sayen Blowpipe da Strela-2, kayan da zamaninsu ya wuce. Ya kamata a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da lambar jikinsu, a raba makamin da abin harba shi a ɗakuna daban-daban kamar yadda ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na Wassenaar na 2003 suka tanada, waɗanda suka tsufa kuma a lalata su a gaban shaidu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta haɗa da wannan nau'in, Najeriya kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya a 2013. Cibiyar taƙaita ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro tana da hurumin bibiyar wannan, Majalisar Tarayya kuma tana da hurumin tambayarta. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta raunana musayar bayanai a kan iyakar da makamin zai bi, don haka ko ba a daidaita a siyasa ba, wannan ƙofa ɗaya ta cancanci a bar ta a buɗe.

Saura ɓangaren da ba a son taɓawa. Wanda ya fi kowa sanin abin da ke shiga daji shi ne ɗan ƙauyen da ke bakin dajin, shi ne kuma zai fara ganin bututun da bai yi kama da bindiga ba. Zai kai rahoto ne in ya ɗauki jirgin da ke samansa a matsayin mai tsaronsa. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojin ƙasa marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Igabi ba ta da nisa da Zariya, labarin kuma ya shiga kowane gida a arewacin jihar. Bincike na gaskiya a kan irin wannan kuskure, da biyan diyya, da hukunta wanda ya yi sakaci, suna cikin abin da zai sa mai unguwa ya ɗauki waya ya kira jami'in tsaro ranar da wani baƙon kaya ya ratsa ta gonarsa.