Na'urar karanta littattafai: Shin haɗa ta da intanet na da amfanin da ake zuzutawa?

Na'urar karanta littattafai, irin su Kindle da Kobo da PocketBook, ƙaramin allo ne da aka ƙera domin karatu kawai. Fuskarta ba irin ta wayar hannu ba ce. Tana amfani da fasahar E Ink, wadda ke nuna rubutu kamar an buga shi da tawada a kan takarda, kuma ba ta jan wuta sosai sai lokacin da aka juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni, kuma ana iya karatu da ita a tsakar rana ba tare da ido ya wahala ba.

Littafi na shiga cikinta ta hanya biyu: ko dai a jona ta da kwamfuta da kebul a kwafa mata, ko kuma ta sauko da shi da kanta daga intanet. Wannan hanya ta biyu ita ce kamfanoni suka fi tallatawa, ita ce kuma mai saye ya kamata ya auna da kyau.

Yadda abin ya faro

Wasu daga cikin na'urorin farko ba su san intanet ba. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da Librie a 2004, sannan Sony Reader a 2006, kuma dole ne mai su ya bi ta kwamfuta kafin ya samu abin karantawa.

Al'amarin ya sauya a watan Nuwamba na 2007, lokacin da Amazon ya fitar da Kindle ta farko a kan dala 399. Tana ɗauke da layin sadarwa a cikinta, wanda ke aiki a kan sabis na kamfanin Sprint a Amurka, kuma mai ita ba ya biyan kuɗin wata. Mutum na zaune a tashar jirgi zai zaɓi littafi, ya biya, ya fara karantawa nan take. Cikin 'yan sa'o'i kayan suka ƙare. Kamfanin bai yi asara da wannan kyauta ba, domin kuɗin sabis ɗin yana cikin farashin na'urar da na littattafan da ake saye ta cikinta.

A 2009 aka fitar da wadda ke aiki a ƙasashe sama da 100. A 2010 kuma aka raba kayan gida biyu: mai Wi-Fi kaɗai a kan dala 139, mai Wi-Fi haɗe da layin 3G a kan dala 189. Shekaru da dama muhawarar masu saye ta tsaya a kan irin wannan bambancin farashi. Yanzu kasuwa ta raba gardama, sababbin Kindle duk Wi-Fi kawai suke zuwa da shi, haka ma Kobo. Tambayar da ta rage ita ce yaushe za a kunna shi, da kuma abin da mutum ke bayarwa idan ya kunna.

Abin da haɗin ke bayarwa

Babban amfaninsa shi ne raba mai karatu da kwamfuta. Ma'aikacin da ke da kwamfuta a ofis ba zai ga girman wannan ba, amma ɗan kasuwar da duk harkarsa ke cikin wayar hannu zai gani. Kowace Kindle da aka yi wa rajista tana da adireshin imel nata. Idan aka tura mata takarda ta wannan adireshi, ko ta manhajar Send to Kindle, za ta bayyana a na'urar da zarar ta samu Wi-Fi. Daga 2022 hanyar ta fara karɓar littattafan EPUB, tsarin da akasarin mawallafa ke amfani da shi, ban da PDF da takardun Word da take karɓa tun da. Rahoton kwamiti mai shafi 200, ko daftarin doka, ko littafin da aka turo ta WhatsApp, duk ana iya aika su daga waya a karanta a allon da ba ya ƙyalli kuma ba a kira ta cikinsa.

Akwai kuma daidaita shafi. Wanda ya tsaya a babi na bakwai a na'urar da daddare zai iya buɗe manhajar a wayarsa da safe a cikin motar haya ya ci gaba daga daidai wurin. Layukan da ya ja da bayanan da ya rubuta a gefe suna ajiye a asusunsa, ko na'urar ta faɗi ko an sace ta. Ƙamus yana aiki ba intanet, amma neman bayani a Wikipedia da fassarar jimla sai da shi.

Batun data ba abin damuwa ba ne, ko bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Littafin labari da babu hotuna a ciki bai cika wuce 'yan megabait kaɗan ba, ƙasa da gajeren bidiyo guda. Ba a buƙatar Wi-Fi na gida, raba data daga wayar hannu na minti biyu ya wadatar. Sai dai tsofaffin na'urori zangon 2.4 GHz kawai suke gani, saboda haka idan na'urar ta kasa hango wayar, a duba ko an ɗora ta a kan 5 GHz.

Wasu fa'idojin kuma na mutanen wasu ƙasashe ne. Aron littafi daga ɗakin karatu na gwamnati kai tsaye zuwa na'ura, ta tsarin OverDrive, yana aiki ga masu katin irin waɗannan ɗakuna a Amurka da Kanada da Ingila da makamantansu. Saye daga shagon Amazon ko Kobo kuma yana buƙatar katin banki da ke biya da kuɗin waje, kuma duk wanda ya yi fama da takunkumin da bankunan Najeriya suka sa wa katin naira a 2022 ya san cewa a lokacin maɓallin "saya" ba kullum yake amsawa ba.

Abin da yake karɓa

Na farko batir. Alƙaluman da Amazon ke bugawa, kamar makonni shida ga ƙaramar Kindle ko goma zuwa sha biyu ga Paperwhite, an lissafa su ne a kan karatun rabin sa'a a rana tare da Wi-Fi a kashe. Na'urar da aka bar ta tana laluben sabis dare da rana ba za ta kai haka ba. Inda wutar lantarki ke zuwa ta tafi, tsawon caji shi ne rabin dalilin sayen na'urar tun farko.

Na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ikon da kamfani ke riƙewa. Ƙofar da littafi ke shigowa ta cikinta, ta nan ake iya fitar da shi. A watan Yulin 2009 wasu masu Kindle suka wayi gari littattafan George Orwell biyu, 1984 da Animal Farm, sun ɓace daga na'urorinsu. Amazon ne ya goge su daga nesa, bayan ya gano wanda ya sa su a shagon ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, Jeff Bezos ya nemi afuwa a bainar jama'a, amma kowa ya fahimci cewa abin da ya biya izinin karatu ne, littafin bai zama nasa kamar na takarda ba. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, waɗanda aka saya suka daina buɗuwa, ya biya masu su. A gida ma an ɗanɗana, domin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023.

A watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta a tura wa na'ura ta kebul. Ke nan ga littattafan shagonsa, Wi-Fi ya tashi daga zaɓi ya koma dole.

Haɗin yana kuma kai rahoto. Kamfani yana sanin littafin da aka buɗe, da inda aka tsaya, da layin da aka ja. Ga mai karanta labarin soyayya wannan ba komai ba ne. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya sani cewa duk takardar da ya aika ta imel ɗin na'urar tana ratsawa ta rumbun kamfanin a ƙasar waje, kuma yawanci tana zama a can. Takardar ofis da aka buga wa hatimin sirri ba ta da hurumin bin wannan hanya. Ta intanet ɗin ne kuma tallace-tallace ke zuwa fuskar na'urorin da aka sayar da rangwame, kuma cire su a Amurka sai an ƙara dala 20.

Hattara da na hannu

Da yawan na'urorin da ke shigowa kasuwanninmu na hannu ne, kuma a nan tarihin 3G ke da muhimmanci. A 2021 Amazon ya sanar da masu tsofaffin Kindle cewa layinsu zai mutu saboda kamfanonin waya na Amurka suna rufe 2G da 3G. Masu Wi-Fi sun ci gaba da aiki ta nan. Kindle ta farko da ta biyu da babbar DX kuwa ba su da Wi-Fi sam, don haka suka koma sai kebul. Idan mai shago ya ce kayansa na da "intanet kyauta", kada a ƙara ko kwabo a kan wannan sai ya nuna yana aiki a gaban mai saye. A kuma gwada yi mata rajista kafin a biya, domin na'urar da aka kai rahoton sacewa kamfani kan toshe ta, wadda ke kan asusun wani kuma sai an cire shi tukuna.

Hanyar kebul

Kebul ɗin caji har yanzu yana ɗaukar duk littafin da ba a kulle ba. Manhajar Calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006 kuma kyauta ce, tana tsara littattafai a kwamfuta, ta sauya musu tsari, ta zuba su a kusan kowace na'ura. Shafin Project Gutenberg yana da tsofaffin littattafai sama da 70,000 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Na'ura mai gigabait 16 tana ɗaukar dubbai, fiye da abin da mutum zai karance a shekaru. Ta kebul ne kuma ake sa wa na'urar sabon salon haruffa idan nata ya kasa nuna ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, matsalar da mai karanta Hausa kan ci karo da ita.

A ganina, bai kamata a sayi na'urar da ba ta da Wi-Fi a yau ba, sai dai in an same ta a farashin banza kuma akwai kwamfuta a hannu. Amma bukatarsa ta 'yan mintoci ce a mako: a kunna, a sauke abin da za a sauke, a mayar da ita kan alamar jirgin sama. Littafin da mutum ke son ya bar wa 'ya'yansa kuma, ya neme shi a inda ake sayarwa ba kulle, ya ajiye kwafinsa a kwamfuta ko a filas.